Yadda had-dis ɗina ya lalace, na koma SSD, da abin da na gani a tsakani

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyon biki ce a Kano. Tun da labarin abin da ya sami kwamfutar shagona ya zaga cikin 'yan sana'armu, ba a rasa mai kira ya tambaye ni ko ya sayi SSD ko ya zauna da had-dis ɗinsa, wato ma'ajiyar bayanai iri biyu da ake sa wa kwamfuta, da wanne ya fi ƙarko. Amsar ta fi ƙarfin kiran waya, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana, da wuraren da na shiga, da kuɗin da suka fita. Farashin da zan ambata na lokacin ne, kuma kayan kwamfuta dala suke bi, don haka kada wani ya je kasuwa ya ce ni na ce.

Kwamfutar ta tebur ce, a cikinta akwai had-dis mai terabayit 2 da ya yi wajen shekara biyar yana aiki. Bai mutu farat ɗaya ba. Da farko folda ce ke daɗewa kafin ta buɗe. Daga nan in ina kwafar bidiyo sai ya tafi lafiya, ya kai wani wuri ya cije, layin ya tsaya cik na tsawon lokaci, sannan ya ci gaba. Sai Windows ta fara binciken faifai da kanta duk sanda aka kunna. Ƙarshe kuma, in shago ya yi shiru, ina jin wani ƙas-ƙas daga cikin akwatin, yana yi yana dainawa. Lokacin bukukuwan bayan Sallah ne, akwai aikin biki biyu a ciki da ban miƙa wa masu su ba, katin kyamara kuwa an riga an goge shi an tafi wani aikin da shi. Faifan waje da nake zuba tsofaffin ayyuka bai kai ga waɗannan biyun ba.

Wurin farko da na kai ta wani shagon gyara ne kusa da mu. Yaron da ke ciki ko buɗe akwatin bai yi ba ya ce, "Oga, bairos ne, fomatin za a yi a zuba sabuwar Windows, dubu biyar." Na ce hotunan fa? Ya ce zai kwashe su tukuna. Ya ja foldar gaba ɗaya zuwa wani faifai, ta cije a inda ta saba cijewa, ya kashe ya sake kunnawa, ta sake cijewa. Wani da ke zaune yana jiran wayarsa ya ba da shawarar a naɗe faifan a leda a sa a firji, wai ɗan'uwansa ya taɓa yi ya tashi. Da yaron ya ce zai saki manhajar da ke gyara ɓatattun wurare ta kwana tana aiki, sai na ce a haɗa mini kayana. Daga baya na fahimci cewa dukkan ukun ƙara wa faifai ciwo suke yi. Maimaita kwafi yana tilasta wa allurar karatu ta yi ta komawa kan wurin da ya lalace. Manhajar gyara rubutu take yi a kan faifan da ya kamata a daina taɓawa. Firji kuwa raɓa yake tarawa a ciki da zarar an fito da shi cikin zafinmu.

Wani abokin sana'a ne ya kwatanta mini wani dattijon injiniya a wajajen titin Beirut. Shi tambayoyi ya fara yi: yaushe ya fara, ya taɓa faɗuwa, ana yawan ɗauke wuta yana cikin aiki, wa ya taɓa shi kafin nan? Da na ba shi labarin shagon farko sai ya girgiza kai kawai. Ya cire faifan ya jona a tasa kwamfutar, ya buɗe wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo. Kowane faifai yana riƙe da bayanan lafiyarsa a cikinsa, tsarin da ake kira SMART, manhajar karanto su kawai take yi. Inda ya kamata a ga shuɗi, rawaya muka gani. Ya ɗora yatsa a kan layi uku, mai lamba 05 da C5 da C6, ya ce, "Malam, na farkon nan wuraren da suka mutu ne faifan ya maye gurbinsu da na ajiya. Na biyu waɗanda yake ƙoƙarin karantawa ne ya kasa. Na uku kuwa ya riga ya haƙura da su. Daga yanzu duk minti ɗaya da faifan nan ya yi yana juyawa, daga cikin sauran kwanansa ake cirewa." Ya kashe shi nan take. Kuɗin dubawa naira 10,000.

A nan na fara sanin abin da ke cikin ƙarfen da na yi shekaru ina zuba amanar mutane. Faya-faye ne masu maganaɗisu suna juyawa sau 7,200 a minti, wato sau 120 a daƙiƙa ɗaya, allura tana shawagi a kansu ba ta taɓa su, tazarar da ke tsakani ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. In aka bugi tebur, ko wuta ta yi wasa, ko tsufa ya zo, allurar ta gogi faifan, ɗan garin da ya kankaro sai ya zama abin da zai ƙara gogar wani wurin. Shi ya sa lalacewar ke yaɗuwa. Daga baya na karanta binciken da Google ta fitar a 2007 a kan had-dis sama da 100,000 da ke cikin na'urorinta. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a binciken da yake yi wa kansa ya fi lafiyayye yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Amma a binciken dai, kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba. Wato rawaya gargaɗi ne na gaske, shuɗi kuwa ba alkawari ba ne.

Injiniya ya ce abin yi ɗaya ne, a ɗauki kwafin faifan baki ɗayansa, gurbi bayan gurbi, zuwa wani sabo, sannan a nemi hotunan a jikin kwafin. Dole sabon ya kai girman tsohon ko ya fi, don haka na fita na sayo wani mai terabayit 2 a kan wajen naira 90,000. Kafin ya fara, shi da kansa ya ɗauko takarda ya rubuta lambar jikin kowane faifai, da ranar da na kawo, da kuɗin aiki naira 40,000 wanda zan biya rabi in an gama in ga abin da ya fito. Ni kuma na roƙi a ƙara layi ɗaya, cewa ba zai riƙe kwafi ba kuma yaransa ba za su buɗe folda ba. Wanda ba ya sana'armu zai ga kamar ƙaramin abu ne. Amma a cikin faifan nan akwai hotunan sa lalle da kamu, matan mutane ne a cikin gidajensu ba mayafi, in ɗaya ya fita waya ta ɗauka, ba ni ba ƙara shiga wani gida da kyamara. Ya rubuta, muka sa hannu, kowa ya riƙe nasa.

Manhajar da ya yi aikin da ita sunanta ddrescue, a kan Linux take tafiya, wato wani tsarin kwamfuta daban da Windows. Dabararta ita ce ta fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, in ta ci karo da mai wuya ta tsallake, sai ta gama da lafiyayyun sannan ta dawo tana lallaɓa ragowar kaɗan-kaɗan. Tana kuma rubuta inda ta tsaya, ko da wuta ta ɗauke za ta ɗora daga nan. Ya jona komai a kan inbata, ya kafa wa faifan ƙaramar fanka. Yinin farko aka haura kashi 90 cikin 100, har na fara murna. Ragowar ce ta ci kwanaki. Ina zuwa da yamma in tarar lambar ta motsa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, in koma gida ba barci. Uwar ɗaya amaryar kuma tana kira, ina cewa, "Hajiya, a ƙara mini haƙuri, ana kan aiki," wanda gaskiya ne, sai dai ba irin aikin da take zato ba.

Da ƙarar faifan ta ƙaru, injiniya ya tsayar da aikin a sama da kashi 99. Hotuna kusan duk sun fito, in ban da 'yan ƙalilan da rabinsu ya koma toka-toka. Matsalar a bidiyo take. Fayil ɗin bidiyo babba ne, ɗan rami kaɗan a tsakiyarsa ya isa ya ɓata shi, kuma ramin ya faɗa daidai kan wani yanki na walimar bikin 'yar Hajiyar nan. Na tambaya ko akwai sama da nan. Ya ce akwai masu buɗe faifai su canza allura, amma sai a ɗaki na musamman da ake tace iskarsa, kuma sai an samo wani faifai iri ɗaya sak da za a ciri kayansa. Ya haɗa ni da wani kamfani a Legas. Suka ce in aiko ta masu kai saƙo, za su duba su faɗi kuɗi, amma irin wannan aikin daga naira 250,000 yake farawa, kuma inda faifan ya kankare ba wanda zai iya dawo da shi. Kuɗin ya fi abin da aka biya ni na bikin. Na je gidan da kaina na yi wa Hajiya bayani. Ba ta ji daɗi ba, kuma tana da gaskiya. Ƙarshe muka tattaro abin da 'yan'uwa suka ɗauka da wayoyinsu na cike gurbin, na kuma rage mata kuɗi.

Sai maganar abin da zan sa a kwamfutar. Injiniya ya ce in sayi SSD don Windows da aikin da ke hannu, sabon had-dis ɗin da na riga na saya ya zama ma'ajiya. Ni kuwa abin da na daɗe ina ji shi ne SSD ƙarewa yake yi, wai kowane rubutu yana cin ransa. Maganar tana da tushe. SSD ba shi da abin da ke motsi, bayanai a cikin ƙananan ƙwayoyin lantarki yake riƙe su, irin na filash da na waya, kuma kowace ƙwaya tana da iyakar sau nawa za a goge ta a sake rubutawa. Irin da ake kira TLC, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana cusa ɗigon bayani uku a ƙwaya ɗaya, QLC kuma huɗu, ya fi araha amma ya fi saurin gajiya. Kamfanoni suna rubuta adadin da suka lamunce da sunan TBW, wato terabayit nawa za a iya rubutawa. Samsung 870 EVO mai terabayit 1 an rubuta masa 600, da garantin shekara 5. Muka zauna muka yi lissafi a bayan rasit. Ko da kullum ina zuba gigabayit 100, wanda ba kullum nake kaiwa ba, a shekara terabayit 36 da rabi ke nan, sai na haura shekara 16 kafin in cinye 600. Mai aikin ofis da ke rubuta gigabayit 20 a rana sai ya wuce shekara 80.

Akwai ma wani gwaji da mujallar intanet ta The Tech Report ta yi daga 2013 zuwa 2015, inda suka ɗauki SSD shida masu gigabayit 240 zuwa 256 suka yi ta rubutu a kansu dare da rana har suka mutu. Na farkon da suka faɗi sai da suka haura terabayit 700, na ƙarshe kuwa, Samsung 840 Pro, ya wuce terabayit 2,400. Tun daga nan na cire tsoron ƙarewar rubutu daga raina. Abin tsoron yana wani wurin daban, kuma sai daga baya na gan shi.

A kasuwa SSD kashi uku na tarar. Akwai sabo a kwalinsa na sanannen kamfani, akwai na hannu da aka ciro daga laftof ɗin da aka shigo da su, akwai kuma sababbi masu sunayen da ban taɓa ji ba, a rabin kuɗi. Kwamfutata tsohuwa ce, ba ta da ramin NVMe, wato siririn nan mai gudun gaske, don haka mai mahaɗin SATA na nema, wanda gudunsa ke tsayawa wajen megabayit 550 a daƙiƙa. Ko hakan ya ninka na had-dis ɗina sau uku ko fiye. Na tafi da laftof da ɗan akwatin jona faifai ta USB, na ce ba zan biya ba sai an gwada a gabana. Wani mai shago ya ƙi, na wuce. Wanda ya yarda, muka jona, CrystalDiskInfo ta nuna sunan da lambar da suka dace da na jikin kwali, awannin aiki sifili. Na hannu ɗaya da na gwada don ganin ido ya nuna dubban awanni da lafiya kashi 80 da wani abu, alhali an ce mini kusan sabo ne. Injiniya ma ya ce masu wayo suna iya goge wannan lissafin, don haka na hannu sai daga wanda ka sani. Na biya wajen naira 120,000, na sa aka rubuta lambar jikin SSD ɗin a rasit. Mai shagon ya gaya mini ƙarara cewa shekara 5 ɗin da ke jikin kwali tsakanina da kamfanin ne, nasa garantin wata uku ne.

Kafin a sa masa komai, na bar wata manhajar mai suna H2testw ta cika shi taf da bayanai ta sake karanto su. Wannan ne ke tona asirin na jabu, wanda aka rubuta masa terabayit 1 alhali cikinsa bai kai ko kwata ba, yana karɓar kaya yana zubarwa ba ka sani ba. Nawa ya wuce lafiya. In ka ga Windows ta nuna 931 maimakon 1,000, kada ka koma kasuwa da faɗa, bambancin yadda kamfani da Windows ke ƙirga gigabayit ne. Aka zuba sabuwar Windows, injiniya ya duba ko kullen BitLocker ya kunnu, ya sa na kwafi dogon makullinsa mai lamba 48 a takarda. Ya ce ya sha ganin faifai lafiyayye da aka kasa buɗewa don mai shi bai san ma an kulle ba. Kwamfutar da ke cin mintuna kafin ta tashi ta koma tashi kafin in gyara zama.

Bayan 'yan watanni sai ɗaya fuskar ta bayyana. Yaron da ke taya ni aiki yana da laftof da muka sa wa ƙaramin SSD mai gigabayit 256 daga cikin marasa sunan nan, don a lokacin kuɗi sun yi ƙasa. Batirin laftof ɗin ya mutu, kai tsaye take shan wuta daga soket. Wata rana yana cikin fitar da bidiyo aka ɗauke wuta, da aka tayar da janareta ya kunna, sai baƙin allo da rubutun cewa ba a ga faifai ba. Jiya lafiya lau, ba nauyi, ba ƙara, ba rawaya. Muka koma titin Beirut. Injiniya ya jona a kwamfuta ɗaya, ya jona a wata, ya bar shi a kunne na wani lokaci ko zai farfaɗo, shiru. Ya ce, "Had-dis tsohuwar mota ce, sai ta yi ta tari da hayaƙi kafin ta tsaya, ka samu ka gangara gefen titi. Wannan kuwa ƙwan lantarki ne." Na ce a sa masa ddrescue mana. Ya ce manhajar tana kwafar abin da kwamfuta ke gani ne, wannan kuwa ba a ganinsa sam.

Bayanin da ya yi mini shi ne abin da na fi so 'yan'uwana su riƙe. A cikin SSD akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai rarraba bayanai. Don kada wasu ƙwayoyi su gaji kafin wasu, ba ta ajiye fayil a wuri ɗaya, warwatsa shi take yi, tana riƙe da taswirar inda kowane gutsure yake. In wuta ta yanke tana tsakiyar sabunta taswirar, ko ita kanta ƙwaƙwalwar ta ƙone, hotunanka suna nan a cikin ƙwayoyin amma ba mai sanin yadda za a harhaɗa su. Da yawa kuma suna rikita bayanan da makullin da ke cikin ƙwaƙwalwar, ko an ɓamɓaro ƙwayoyin an karanta, shirme za a gani. Haka nan in ka goge fayil bisa kuskure. A had-dis yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa, manhajar ceto tana iya tono shi. A SSD akwai umarnin da ake kira TRIM, wanda ke sa a share gurbin ba da daɗewa ba, in ya tafi ya tafi. Mun yi sa'a asalin hotunan suna kan had-dis ɗin shago, gyaran 'yan kwanaki kawai yaron ya sake. Da rasit muka koma wa mai shagon, ya ce sai ya mayar wa dilansa, muka yi ta sintiri kafin ya ba mu wani. Araha ba ta ado, na cika kuɗi muka karɓi na kirki, muka kuma sayi batir.

Wannan bai sa na ce had-dis ya fi ba. Kamfanin Backblaze na Amurka, mai ajiye wa mutane bayanai a intanet, tun 2013 yake wallafa adadin faya-fayensa da ke mutuwa. A rahotonsa na 2022 ya kwatanta SSD da had-dis da ke aiki iri ɗaya, na tayar da na'urori. A shekarun farko tazarar ba ta da yawa, amma a shekara ta biyar mutuwar had-dis ta haura kashi 3 cikin 100 a shekara, ta SSD kuwa ba ta kai kashi 1 ba. Su da kansu sun ce SSD ɗin da suka ƙirga ba su da yawa, kuma a ɗakuna masu sanyi da tsayayyiyar wuta suke, ba irin shagona ba. Wani binciken na 2016 da Jami'ar Toronto ta yi da Google ya nuna cewa ana canza SSD ƙasa da yadda ake canza had-dis, amma ya fi yawan samun gurbin da ya ƙi karantuwa, kuma shekarunsa sun fi yawan rubutun da aka yi masa tasiri. Wani lokacin ma kuskuren manhajar cikinsa ne ke kashe shi. A 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗin cewa wasu SSD ɗinsa za su mutu daidai awa 32,768 da fara aiki in ba a sabunta su ba, wato waɗanda aka kunna rana ɗaya za su tafi tare. Ga laftof da ake jefawa a jaka a hau babur da ita kuwa, ba ma a haɗa su, girgizar da za ta kashe had-dis ba ta dami SSD ba.

Inda na fi ganin 'yan sana'armu na shirin faɗawa rami shi ne sayen SSD na waje a zuba bikin shekara guda a jefa a durowa. Ƙwayoyinsa cajin lantarki suke riƙewa, kuma cajin yana zurarewa a hankali in ba a jona shi, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ƙa'idar hukumar JEDEC, mai tsara ma'aunin irin waɗannan kaya, ita ce SSD na gida da ya cinye adadin rubutunsa ya iya riƙe bayanai shekara ɗaya a kashe a zafin digiri 30. Sabo yana wuce haka sosai, amma duk wanda ya san shago mai rufin kwano a Kano cikin watan Afrilu ya san digiri 30 sanyi ne. Maganaɗisun had-dis ya fi jure zaman durowa, ga shi kuɗin terabayit ɗaya na SSD zai saya maka biyu ko fiye na had-dis. Shi ma ba a mantawa da shi shekara da shekaru, don injinsa na iya ƙin tashi.

Yanzu ga yadda aiki ke tafiya a shagon. In an dawo daga biki, katin kyamara yana shiga SSD don gyara, a daren kuma a kwafa zuwa had-dis ɗin cikin kwamfutar. Ba a goge kati sai na buɗe kwafi na biyu da idona na ga bidiyon yana tafiya har ƙarshe, wanda ya sa dole na ƙara sayen katuna. Akwai had-dis na waje guda biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, ina musanya su duk ƙarshen mako, saboda gobara ko ɓarawo ba sa tambayar wane irin faifai ne. Masana suna kiran wannan tsarin 3-2-1, kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ɗora bidiyo a intanet ya fi ƙarfin datata, don haka zaɓaɓɓun hotunan da aka gama gyarawa kawai nake ɗorawa. Na sa wa kwamfutar UPS mai riƙe ta 'yan mintuna in an ɗauke wuta, ba na barin SSD ya cika maƙil, kuma farkon kowane wata ina buɗe CrystalDiskInfo in duba layukan nan uku a kan had-dis, da kason lafiya a kan SSD. Kowane faifai na manna masa takarda da watan da aka saye shi. Had-dis in ya shiga shekara ta biyar, ko yana nuna shuɗi, sauke shi nake yi daga ajiyar aikin mutane ya koma ɗaukar abin da ko ya ɓata akwai shi a wani wuri.